Shekarar da Na Zana Inna a Kan Sarki

Kun girma kuna jin ana cewa kakanku Baffa ne ya hana ni tafiya Abuja. Uwarku ta faɗa, ƙannena sun faɗa, har ƙanwarku Sadiya da ba a ko haife ta ba a lokacin, rannan na ji tana ba 'ya'yanta labarin kamar a gabanta aka yi. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru shekara da shekaru, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Yanzu Baffa da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama, ba na so in tafi in bar ku kuna riƙe da tsohon nan a kan abin da bai aikata ba. Ku karanta a tsanake, kada wanda ya tsallake layi, na san halinku.

Dole in fara da gaya muku abin da ake kira kan sarki, tunda ku kun tashi ne waya na hannunku. Wata 'yar takarda ce da ba ta fi kan babban yatsa ba, gefenta da haƙora, bayanta da gam. Idan mutum zai aika wasiƙa sai ya saya a gidan waya, ya lashi bayanta, ya manna a ambulan, ma'aikaci ya buga mata hatimi, shi ke nan ta kama hanya. Kowane kan sarki da hoto a jikinsa, kuma wani ne ya zauna ya zana hoton. Ni tun ina makarantar koyon zane a Zariya nake mafarkin zama wannan wanin. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, ina koyar da zane ne a wata sakandare a Dutse, muna haya a unguwar Takur, da yamma ina zana kawuna a allon masu aski, ina rubuta sunayen shaguna. Na haura arba'in. Duk Dutse in ka ce mai zane, fentin shago ake nufi, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana nan sai Bitrus ya neme ni. Ɗan Filato ne, tare muka yi karatu, shi ya samu aiki a sashen zane na hukumar wasiƙu ta ƙasa. Ya kira ni ta wayar shugaban makarantarmu, don ni ban mallaki tawa ba tukuna.

"Dikko, za a fitar da sababbin kan sarki a kan ayyukan matan karkara," in ji shi. "Na ba da sunanka. Ka zana guda ɗaya ka aiko. Amma don Allah kada ka aiko mini da mai tallan nono, an riga an kawo mana su har sun ishe mu."

Na ce masa ai ko ni ma sun ishe ni, cikinsu na girma.

Zanen kan sarki ba kamar sauran zane ba ne. Babba za ka zana shi, kamar faɗin faifai, amma kana sane cewa za a matse shi ya koma kan yatsa. Duk layin da ya cika siriri zai mutu, duk launin da ya yi kusa da ɗan'uwansa za su haɗe su zama taɓo. Ga shi dole ka bar wurin sunan ƙasa da wurin kuɗi. Yadda nake gwadawa shi ne in kafa zanen a bangon tsakar gida, in yi ta ja da baya har in dangana da ƙofar waje, in miƙa hannu in ga babban yatsana ya rufe shi. Abin da na iya gani daga can shi zai rayu, abin da ya ɓace sai in goge shi ko da na fi son sa. Na zana mai saƙar tabarma, na zana mai ginin tukunya, duk daga bakin ƙofa sai su koma kamar ƙuda ya mutu a bango. Uwarku Hajara tana wanke-wanke tana kallona ina kai da komowa, ta ce maƙwabta sun fara tambayarta ko lafiya nake.

Da kaka ta yi sai na tafi gida, ƙauyenmu na ƙasar Buji, da niyyar in huta da abin. A masussuka na ga Inna tana shiƙar gero. Ta ɗaga ƙwarya sama da kanta da hannu biyu, geron na zubowa, iska na kwashe ƙaiƙayi. Na tsaya daga nesa na miƙa yatsa yadda na saba, sai na ga ba abin da ya ɓace. Nan take na san na samu.

To amma ku san wace ce Inna a wurina. Ku kun san ta tana goya ku, tana muku wasa, tana kiran sunayenku har da na tsokana. Ni ban san wannan matar ba. Ni ɗan fari ne, mu kuma asalinmu makiyaya ne, ko da shanu sun ragu mun koma noma, fulako, wato kunyar nan tamu ta gado, bai ragu ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata Goggo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa, ko "na wajen Goggo". Ba ta zama inda nake, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu, in na gaishe ta bango take amsa wa. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata Adama, ina zaune ina ji, Adama ta maimaita. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma da ta yi akasin haka da matan ƙauye sun sa ta a baki. Na san duk wannan da kaina. Amma ina yaro, in na ga ta rungumi Adama, sai in zagaya bayan rumbu in yi kukana.

Saboda haka Adama na aika. Na tsaya a bakin danga ta shiga.

"Inna, Yaya ne yake so ya zana ki kina shiƙa. Wai aikin gwamnati ne."

"Shi wancan ba shi da abin yi ne?" in ji Inna. Ta ci gaba da aikinta.

Na ɗauka an ƙi. Washegari da hantsi sai ga ta ta fito da saƙinta na zuwa biki, wanda ba ta taɓa sa shi don aiki ba, ta ɗauki ƙorenta ta koma gefen masussuka inda rana ke haska fuska. Adama ta zungure ni ta ce, "To malam mai zane, sai a yi sauri kafin ta canza shawara." Na zauna a gindin rumbu da allona. Kwanaki na yi ina zana ta, ita tana aikinta, kanta a juye kamar babu kowa a wurin. A rayuwata ban taɓa samun damar kallon fuskar uwata haka ba. A nan na ga ashe hancina nata ne, ashe tana da ɗan tabo a gefen gira.

Ran nan iska ta juya ba zato, ta kwaso ƙaiƙayi ta watsa mini a fuska. Ya shiga mini maƙogwaro, na kama tari har numfashina ya sarƙe, allo ya faɗi. Da na samu na ɗago, hannuwan Inna na sama da ƙwarya, gero na zuba, amma idonta na kaina. Kallon uwa ne da ɗanta ya ƙware, babu kunya a ciki, babu fulako, babu komai sai tsoro da ƙauna. Bai fi ƙiftawar ido ba ta kawar da kai. Ni kuwa na riga na gani, kuma hannun mai zane ba ya mantuwa.

Na koma Takur na zauna a kan zanen. Na kafa a bango na ja da baya, rumbu ya ɓace, na goge shi. Kaji suka ɓace, bishiyar kuka ta ɓace, duk na goge. Abin da ya rage hannu biyu a sama, zubar gero, da fuska tana kallon mai kallonta. Hajara ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya.

"Wannan ai Inna ce," ta ce. Ta matso kusa. "Amma ni ban taɓa ganin ta kalli mutum haka ba. Wa take kallo?"

Na ce ta je ta yi shararta.

Na aika. Ba a daɗe ba Bitrus ya kira, cike da murna. Kwamiti ya zaɓi nawa a kan gaba, shi za a sa wa kuɗin wasiƙar cikin gida, wato wanda kowa zai saya. Kuma wani dattijo a sashensu zai yi ritaya, shugabansu ya ce in komai ya tafi daidai kujerar tawa ce. Wallahi ranar ban koyar da komai ba, yara suka yi ta surutu na ƙyale su. Hajara kuwa kafin magariba duk layinmu an san za mu koma Abuja, har ta ba maƙwabciya kyautar turminta. Abu ɗaya ya rage. Tunda fuskar mai rai ce, sai mai fuskar ta yarda kafin a buga. Suka aiko mini da gwaji guda, daidai girman da zai fito, da haƙoransa da komai, na sa a aljihun gaba na hau motar Buji.

Baffa na fara samu, a inuwar ƙofar gida yana tufkar igiya. Shi ma ba ya kiran sunana, tun da na fara koyarwa ya samu mafita yake ce mini Malam. Ƙannena maza suna wurin. Na miƙa masa, ya riƙe a tafin hannu ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wannan shi ne wanda ake lasa?"

Na ce bayansa ake lasa, Baffa.

"Kowa da kowa? Da direba, da ɗan kasuwa, da wanda ya ci goro?"

Ƙannena suka fara dariya, shi bai yi ba.

"Na taɓa zama a ƙofar gidan waya a Jahun ina jiran mota," in ji shi. "Na ga yadda mai hatimin nan yake dukan su, kamar da gayya. Na ga an yage ambulan an yar, mutane na takawa, akuya ta zo ta cinye. Matar nan tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ɗaga mata murya ba. Yanzu a ce fuskarta ce a ƙasa a tasha? Ni ban so ba, Malam. Gaskiya ban so ba."

Kun san ni da zuciya. Na ce masa shugabannin ƙasa ma fuskarsu na kan sarki, ba wanda ya mutu. Na ce shekara nawa ina fentin shagon aski, yau Allah ya buɗa mini ƙofa za a rufe saboda akuya. Muryata ta hau fiye da yadda ya kamata, ƙannena suka ga abin ya yi zafi suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka ji ke nan, shi suka kai wa uwarku, shi kuka gada. Ba su ji sauran ba. Baffa ya bari na gama, ya miƙo mini gwajin.

"Na faɗi nawa, kuma ba zan canza ba," ya ce. "Amma fuskar ba tawa ba ce. Shiga ka tambayi mai ita. In ta ce a buga, ba za ka sake jin bakina ba."

Na shiga. Inna na ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, Adama na taya ta. Na tsuguna a gefen bango inda na saba, na gaida ta, ta amsa wa bango. Adama ta karɓi gwajin ta sa mata a hannu, ta yi mata bayani, har da abin da Baffa ya ce game da lasa da hatimi. Inna ta yi 'yar dariya.

"Shi dai da kishi har tsufa," ta ce wa Adama. "Yawu kuma? Yawun da na share na 'ya'ya da jikoki, in yana kisa ai da tuni an binne ni. Takarda ce, in akuya ta ci ta ƙoshi."

Zuciyata ta yi fari. Na fara lissafin motar da za ta kwashe mana kaya. Sai ta goge hannu a zane, ta kai takardar nesa da ido, ta dawo da ita kusa, ta juya ta wajen haske. Dariyar ta ɗauke.

"Adama, matar nan wa take kallo?"

"Mai zanen mana, Inna."

"Duk wanda ya gani zai gane?"

Adama ta waiwayo ta dube ni. Na so ta yi ƙarya, Allah ya sani na so. Amma Adama ba ta iya ba.

"Zai gane, Inna. Kuma sunan Yaya na nan a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe."

Inna ta rufe hannunta a kan takardar. Ta yi magana a hankali, fuskarta na wajen zogale, amma ba ta jira Adama ta maimaita ba, ta san ina ji.

"Tun da na haife shi ba a taɓa kama ni ina kallonsa ba. Ba don ba na kallo ba. In ya juya baya nake yi. Da ya yi ƙyanda a wajen Goggo, a bayan danga na kwana. Ba wanda ya sani, kuma haka ya kamata. Yanzu a ɗauki wannan a kai Dutse, a kai Kano, matan garin nan su saya su ce ga Inna ta zuba wa ɗan farinta ido? Ki ce masa hannuwan nan na kowa ne, sun yi wa kowa aiki, ya kai su duk inda ya ga dama. Idon kuwa nasa ne shi kaɗai. Ya riƙe abinsa."

Adama ta buɗe baki za ta maimaita kamar kullum, sai kuka ya ƙwace mata. Ni kuma ina tsugune, ƙato da gemu, na kasa tashi. Ranar ce ta farko da uwata ta ce wani abu nata nawa ne.

Da na dawo Dutse na kira Bitrus daga rumfar masu buga waya. Na ce fuska ba za ta fita ba, zan sake zanen, a ga matar ta baya, hannu da ƙwarya da gero kawai. Ya ce kwamiti fuskar suka zaɓa, hannu kowa ya iya zanawa, kuma an riga an tsara aikin bugawa, shugabansu ba zai ji daɗi ba ko kaɗan. Shi mutumin kirki ne, ya nemo mini hanya.

"Ka ɗan canza hancin, ka cire tabon girar, mu ce ba kowa ba ce, daga kanka ka ƙirƙiro. Ba sai an nemi yardar kowa ba. Dikko, kujera ce fa. Ba za ta sake zuwa ba."

Na tsaya da wayar a kunne, mai rumfa na kallon agogo. Ba zan ɓoye muku ba, na auna maganar. Hanci abu ne mai sauƙi, kafin la'asar na gama. Amma idon zai zauna yadda yake, don shi suke so, kuma shi aka ce in riƙe. Na ce masa a'a. Ya ce na san abin da nake zubarwa kuwa? Na ce na sani.

An buga na hannuwan. Suka sa masa kuɗi mafi ƙanƙanta, irin wanda ake ƙarawa a gefe in kuɗin wasiƙa bai cika ba. Ba laifi, yana da kyau, amma ba wanda zai tsaya ya sake kallonsa. Kujerar aka ba wani, kuma ban ga laifinsu ba, na ɓata musu tsari. Ba su sake nemana ba. Kafin wasu 'yan shekaru ma waya ta cinye wasiƙa, na koma allon masu aski har na yi ritaya. Uwarku ta yi fushi mai tsanani, kuma tana da gaskiya, ita ta sha kunyar maƙwabta, ita ta je ta karɓo turminta. Ta ɗora wa Baffa laifin, ta daɗe gaisuwa kawai ke haɗa su. Na kasa gaya mata gaskiya, don in na faɗa na tona abin da Inna ta rufe. Da abin ya dame ni na samu Baffa na ce zan yi wa Hajara bayani, ba daidai ba ne a riƙa jin haushinsa.

"Bar su, Malam," ya ce. "Ni namiji ne, in an ji haushina ba abin da zai ragu a jikina. Ita fa, in maganar ta fita, da wane ido za ta shiga cikin mata?"

Haka ya ɗauka har ya koma ga Allah, bai taɓa kare kansa ba.

Kada ku zaci abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, har yau yana yi. Duk sanda na ga aikin wani a kan sarki sai na ce a raina da na fi shi, kuma wani lokacin da gaske na fi shi. Da mun tafi, da wataƙila kun yi makarantun da suka fi waɗanda kuka yi, wannan kuma ku kuka biya, ba ku da hannu a ciki, ina neman afuwarku. Bayan ranar nan Inna ba ta canza ba, ta ci gaba da amsa wa bango, ta ci gaba da ce mini wancan har ƙarshen ranta. Ban sake jin zafin hakan ba ko sau ɗaya. Mutane da yawa uwarsu ta kalle su safe da yamma ba su ma lura ba. Ni sau ɗaya tawa ta kalle ni, ta ce in riƙe abina, na kuwa riƙe.